Jincheng ɗin da ke zaure

Tun Yulin 2011 da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri, tsohuwar Jincheng ɗinmu take jingine a zaure, nan Hausari. Da ita muka yi shekaru muna ɗauko kaya daga Monday Market. Yara sun ce a sayar wa 'yan gwangwan, muka ƙi.

Duk bayan wata biyu mukan kwance kafireta. Fetur in ya daɗe a kwance danƙo yake zama, ya toshe jet. Sai mu jiƙa jet ɗin a sabon mai, mu busa har mu hango haske ta ramin. Ban da zura allura: faɗaɗa ramin take, babur ya koma shan mai. Mu mayar da fulot, mu ɗaure sukurun iska a hankali, mu sassauto zagaye ɗaya da rabi. Silo kuwa da kunne ake saita shi.

Ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta cika mata ciki da laka. Kwana uku muka yi a kanta kafin ta tashi. Maƙwabci ya leƙo a firgice: "Liman, ina za ka da ita?" Muka ce ba ko'ina. Jikanmu, da bai taɓa hawa babur ba, ya roƙa a bar shi ya murɗa totur.