Rafi a Tsakiyar Hamada

Da na sauka birnin Tuson, cikin jihar Arizona ta Amurka, mai masaukina ya kai ni wani kwazazzabo da a ke kira Sabino, gindin duwatsun Santa Katalina. Muka yi sammako, kowa da goran ruwansa. Bisa tudu ba kome sai ƙaya da saguwaro, wata doguwar itaciya mai kama da ƙyarana. Amma a ƙasa ga rafi yana gudu, ga inuwa mai sanyi. Hanyar saura kaɗan ta cika mil 4, ta ƙetare gadojin dutse 9.

Da rana ta take, na tuɓe takalma na shiga ruwa. Can sai mai masaukina ya ce, "Malam, fito maza!" Na ce, "Ai ko yayyafi babu." Ya nuna mini hadari bisa ƙololuwar duwatsu, ya ce ruwan da ya zuba can, nan zai gangaro ba sallama. Haka ambaliya ta farfasa wannan hanya cikin 2006.

Muka hau tudu. Kafin la'asar rafin ya rine ja, yana tafe da itatuwa. Lalle baƙo, ko yana da ido, makaho ne.