Inuwar da Ake Hangowa Daga Nesa: Kwana Biyu a Kura da Bunkure

'Yar uwa, in kin taɓa bin titin Zariya daga Kano a tsakiyar rani, kin san abin da zan faɗa. Kina barin gari sai ƙura da busasshen kara, ko'ina fari fat. Kafin ki ankara, kina kusantar Karfi sai ƙasa ta sake riga, kore shar har inda ido ya tsaya. Ga masu gasa masara a bakin titi, ga kwandunan tumatir a jere. Kin shigo ƙasar Kura ke nan, inda noma ba ya jiran damina.

Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Babban kanal ne yake kawo shi, ya rarrabu cikin ƙanana, ya ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa, alkama, albasa, masara, tumatir, duk suna nan. Abu ɗaya ne ya yi ƙaranci: inuwa. An share fili don ruwa ya bi, sai ki yi doguwar tafiya ba ki tarar da bishiyar da za ki raɓa ba. A watan Maris da Afrilu kuwa, zafin rana yakan kai digiri 40.

Inuwar ce ta kai ni. Goggona tana zaune a wani ƙauye kusa da Bunkure, 'yarta kuma tana fita tsinkar tumatir da goyon wata takwas. Goggo ta yi min waya ta ce, "In za ki taho, ki nemo mana tamfol mai ƙwari, yarinyar nan rana tana cin ta." Na shiga wajen 'yan gwanjo, na yi sa'ar wani ƙyalle mai kauri, mara nauyi, ruwa ba ya ratsa shi. Launinsa dabbare-dabbare ne irin na kakin soja, kore da ruwan ƙasa. Na saya ina murna na yi araha.

A mota ƙanina ya buɗe ƙullin. Ɗalibin tarihi ne, in ya fara bayani sai an roƙe shi ya tsaya. Ya ce irin wannan ƙyalle yana da kaka a Jamus. A 1931 sojojin ƙasar suka fara amfani da wani ƙyalle mai kusurwa uku da suke kira Zeltbahn, mai maɓallai a gefe da tsaga a tsakiya. In ana ruwa, soja ya zura kai a tsagar, ya zama rigar ruwa. In dare ya yi, mutum huɗu su haɗa nasu da maɓallan, ya zama tanti. Gefe ɗaya launinsa ya fi duhu, ɗayan ya fi haske, don a juya shi daidai da wurin da ake. Har rundunarsu ta hawa duwatsu, masu alamar wani farin fure da ake kira edelwais, da shi suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945.

Ya ce har yau a Turai da Amurka akwai masu sha'awar tarihi da suke yin shigar waɗancan sojoji don kwaikwayon yadda aka yi. Kafin su sayi ƙyalle sai sun duba zanen, sun duba maɓalli, sun duba ɗinki, don kada a yi shigar wata shekara da kayan wata shekarar. Na ce masa, rundunar da ta jawo wa duniya asarar rayuka haka, me za a kwaikwaya a cikinta? Ya ce, "Yaya, ni dai ƙyallen nake ba ki labari."

Da muka tsaya a garin Kura sai na ga tsantsenin nasu bai kamata ya ba ni mamaki ba, don mu ma muna da irinsa. Kura ce mahaifar rawanin nan ɗan Kura, wanda ake rinawa da baba, a buge shi har ya riƙa ƙyalli, Buzaye suna zuwa saye tun daga hamada. Wani Bajamushe ma, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin rinin ƙasar nan suke kaiwa har Tambutu. Ki dubi hawan Sallah kuma. 'Yan lifidi da 'yan sulke ai shigar mayaƙan da suke yi, kuma dattijon da ya san hawa, kallo ɗaya zai yi wa rawani ya gane na gaske da jabu. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Kowa dai da abin da yake nema a jikin ƙyalle.

Da la'asar muka isa gidan Goggo. Na shimfiɗa tsarabata ina jiran yabo. Ta ɗaga, ta juya, ta ajiye. Ta ce, "'Yar nan, wannan ai na masu ɓuya ne. Mu so muke a gan mu."

Washegari da hantsi ta kai ni gona na gani da idona. Hanyoyin gefen kanal siriri ne, babur da a-kori-kura da tarakta duk nan suke bi, suna ɗauke da kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan. A bakin hanyar nan mata suke kafa rumfa su kwantar da yara. Ƙanina ya rataya ƙyallena a kan kara, muka ja baya kamar taku ɗari. Wallahi sai da na ƙura ido kafin na gano shi, ya saje da ganye. Can gefe kuwa, wata farar rumfa ta buhunan shinkafa da aka ɗinke tana haskawa kamar tuta. Uwar da ke duƙe a tsakiyar gona, ɗaga kai ɗaya za ta yi ta san inda ɗanta yake. Direba ma zai hango tun daga nesa ya rage gudu. Jikina ya yi sanyi.

Goggo ta ƙara da abin da na sani amma na manta: doka ta hana farar hula amfani da kakin soja, kuma rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai. Mai gona ba ya son abin da zai jawo masa tambaya a shingen bincike. Ke ma ki tuna da wannan in kin ga wandon yara mai irin zanen a gwanjo.

To, in ke ko wata taki tana fita gona da goyo, ga abin da na koya, haɗe da abin da aikin jinya ya koya min. Ki zaɓi launi mai haske, don yana mayar da zafi kuma ana hango shi. Ki guji baƙar leda, tana tara zafi kamar tanda. Na taɓa karɓar jariri da aka kwantar a ƙarƙashinta tun safe, ya zo jiki rau, ko kuka ba ya iyawa. Allah ya taimaka ya tashi, amma ban manta idon uwarsa ba. Ki ɗaga rumfar sama, ki bar gefe biyu a buɗe iska ta ratsa. In da hali ki ɗora zana ko kara a kai, rufi biyu ya fi ɗaya sanyi. Kada ki yi amfani da buhun da aka zuba taki ko maganin feshi. Ki kafa nesa da bakin kanal, don mai rarrafe ba ya sanin zurfi, manyan yara kuma wanka a ruwan yana jawo musu tsargiya.

Ki riƙa leƙa yaron. In kin ga maɗigarsa ta faɗa, leɓe ya bushe, fitsari ya ragu, ko barci ya yi masa nauyi, ruwan jikinsa ne yake ƙarewa. Wanda bai kai wata shida ba, nono kawai, amma a kai a kai. Wanda ya wuce, a ƙara masa tsabtataccen ruwa, in yana gudawa a ba shi haɗin gishiri da sukari na ORS. In bai farfaɗo ba, a tafi asibiti, kada a jira a tashi daga aiki.

Kafin mu taho na lura da wani abu. Matan nan ba kowa da rumfarta ba. Huɗu ko biyar ne suke haɗa buhuna da zannuwa su yi babba guda, sannan su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya tana zaune da yara, saura suna tsinka. Ƙanina ya yi dariya ya ce, "Kin ga tantin mutum huɗu ke nan." Goggo ta ce ita ba ta san Jamus ba, amma ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙyallena yana nan a ɗakin Goggo, an rufe buhunan shinkafa da shi saboda raɓa. Ni kuma na sayi fararen buhuna shida da allurar buhu, muka zauna a tsakar gida muka ɗinke kafin magariba. Jiya ƙanwata ta turo min hoto. Ga 'yar tana barci a ƙarƙashi, an ɗaura jan ɗankwali a saman karan don a ƙara hangowa.