Cokali guda daga Yamai

Ƴan uwa mata, na je Yamai taron ma'aikatan lafiya kan rigakafi. Mun bar Maraɗi da asuba, muka ratsa Kwanni, Dogon Dutsi da Doso, sai yamma muka iso bakin kogi.

A zauren, wata likita ta ɗaga cokalin shayi, ta ce gishirin babba na yini ke nan: ƙasa da giram 5, har da na magi. Sai na tuna Inna da hawan jini ya shanye wa ɓari, da bashin asusu da na ci don maganinta.

Nan aka gwada nawa. Ashe ya hau ban sani ba! Don Allah ku je a gwada naku.