Gawon da Na Sa Aka Sare

Lambun shaƙatawa na garinmu ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Mu ne muke haɗuwa ran Asabar mu yi gayya: shara, ban ruwa, gyaran shinge saboda awaki. A shekarar da aka ba ni jagorancin gayyar na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai.

Akwai wani tsohon gawo a kusurwar gabas, da kogo a jikinsa, wani reshensa ya ruɓe ya sunkuyo kan inda yara ke wasa. Damina ta kama, iska tana kaɗawa, sai na ce a sare shi baki ɗaya. Wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a lambun ya ce, "Malam, a sauke reshen kawai, a bar uwar sai kaka. Akwai masu gida a ciki." Na ce, "Baba, ran yara ya fi na tsuntsu." Gaskiya na faɗa, amma ba ita ce amsar maganarsa ba, domin sauke reshen ya isa ya kare yaran. Ban ma tambaye shi abin da ya gani ba. So nake a ce sabon shugaba ya yi aiki.

Da gawon ya faɗi, kogon ya tsage, sai ga cilakowa da 'ya'yanta ko gashi ba su yi ba. Ta kasa tashi. A ranar na san halin tsuntsuwar nan: in za ta yi ƙwai, takan shige kogo ta liƙe bakinsa da laka da kashinta, ta bar 'yar kafa siririya da namijin zai riƙa miƙo mata ƙwari da 'ya'yan itace. Cikin wannan kulle take zubar da gashin fikafikanta. Ko ta ji saran gatari, ba ta da hanyar gudu. Duk lallaɓawar da muka yi, ba wanda ya rayu a cikinsu.

Da rani kuma muka ga sauran asarar, don gawo lokacin yake fitar da ganye, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Kusurwar ta zama rana ƙwal.

Na nemi gafarar Baba a gaban jama'ar gayya, tunda a gabansu na ƙi jin maganarsa. Ni na kawo shawarar ƙa'idar da muke bi yanzu: ba a sare itace mai kogo da damina, kuma ko da rani sai an yi mako ana lura da abin da ke shiga da fita a jikinsa.