Sawu a Bakin Binuwai

Tun shigowar bazara nake fita da an idar da sallar asuba, in bi 'yar hanyar ƙafa da ke bakin kogin Binuwai a nan Garwa, don ƙafafuna su saba da tafiya kafin aikin Hajji. A watan Maris ruwa ya janye, rairayi ya fito fili, iska kuma tana ɗauke da ɗan sanyin da ba ya kai hantsi. Yau na tarar da sawun wani a kan rairayin, babu takalmi, ya riga ni wucewa. Na daɗe ina bin sa da ido. Sai alhazan zamanin da suka faɗo mini a rai, waɗanda suka ratsa ƙasar Chadi da Darfur a ƙafa har Sawakin, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, shekara da shekaru a hanya. Wasu ma a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har yau. Ko wane irin haƙuri Allah ya zuba musu a zuciya? Da na juyo, rana ta haska dutsen Tinguelin, masunta sun fara tura kwalekwale, shanu kuma sun sauko shan ruwa sun tattake sawun.