Titin Gidan Zu: Na'ura Ta Sake Zuwa Neman Aiki

Duk baƙon da ya bi Titin Gidan Zu a birnin Kano da yamma, kunnensa zai riga idonsa sanin inda ya iso. Ban da gidan namun dajin nan mai ɗauke da sunan Gwamna Audu Baƙo, abin da titin ya shahara da shi shi ne ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa, galibi a saman bene: ɗan ɗaki, da kwamfuta, ga janareto yana ruri a ƙasa.

Ba yau masu wannan sana'a suka fara ganin na'ura ta karɓe aikin mutum ba. A ƙarshen shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ya mamaye kiɗan fim, mutum guda ya zauna yana kwaikwayon amon ganga da sarewa, makaɗan gargajiya kuwa suka koma jiran biki. Daga bisani samari irin su Ziriums suka fito da gambarar zamani, watau hip-hop, da Hausa.

To, yanzu ga wata baƙuwa, ƙirƙirarriyar basira. Manhajoji irin su Suno da Udio, baiti kurum za a rubuta musu, su kawo kiɗa da murya cikin 'yan mintoci. A 2023 wani ɗan Nijeriya, Eclipse Nkasi, ya haɗa kundin waƙoƙi sukutum da irin wannan fasaha. A can Amurka kuwa, cikin Yunin 2024, manyan kamfanonin faifai suka maka Suno da Udio a kotu, bisa zargin da waƙoƙin mutane aka horar da su ba da izini ba.

Wanda abin zai fara taɓawa shi ne mai haɗa kiɗa, domin yaron da ba shi da kuɗin shiga ɗaki, wayarsa ta ishe shi.

Amma fa Hausa tana da nata tarkon. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko jan wasali. Kukan jariri da kukar miya, wuyan riga da shan wuya, harufansu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Gambara kuwa da irin wannan wasa take cin abinci. Na'ura mai karanta baƙaƙe sai dai ta yi canke, in ta kuskure habaicin ya mutu. Nan dole a nemo mai kunne ya saurara, a kira mawaƙi ya hau benen ya maimaita baitin da bakinsa.