Kiɗan Kwamfuta: Wace Manhaja Za Ka Saya?

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, magana ce a kan kiɗan da ake haɗawa da kwamfuta, irin wanda a yanzu ba a ɗaga biki sai da shi. Wani zai ce me ya haɗa marubuciya da kiɗa? To amsar ita ce littafin da nake kan rubutawa jaruminsa mai haɗa kiɗa ne, ni kuwa ba na son in sa mutum a sana'ar da ban leƙa cikinta ba. Sannan autanmu sana'ar da ya kama ke nan, don haka abin ya shigo mana har cikin gida.

Bari mu fara daga tushe. Kiɗan rawa na na'ura irin house da tekno asalinsa daga Amurka ne, a hannun matasa baƙar fata. A birnin Shikago akwai wani gidan rawa mai suna Warehouse inda Frankie Knuckles yake sa faifai, daga sunan wurin ne aka ce kiɗan house ya samo sunansa. A birnin Ditroit kuma wasu abokai uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su suka kafa wanda ake kira tekno a shekarun 1980. Kayan da suka yi aiki da su kuwa, kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da akwatin ganga mai suna TR-808 a 1980, da TB-303 a 1981. Manyan makaɗa suka saurara suka ce wannan bai yi kama da ganga ko garayar Bature ta gaske ba, suka yi watsi da su, kamfanin ya daina ƙerawa. Akwatunan suka koma kasuwar gwanjo a farashi mai sauƙi, yaran da ba su da kuɗin hayar makaɗa suka tsince su. Yau ga shi sautin waɗannan akwatunan ya game duniya.

Da na ji wannan tarihi sai na ce ashe 'yan'uwanmu ne. Mu ma haka muka fara, da biro da littafin makaranta, mu kai wa mai keken rubutu, mu tattara kuɗin adashi mu buga, aka kuma laƙaba mana suna adabin kasuwa. A fagen waƙa ma Kano ta bi irin wannan hanya, domin fiyanon Yamaha shi ya riƙe waƙoƙin finafinan Hausa tun daga shekarun 1990, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da sautin ganga da sarewa da goge, kafin kwamfuta ta zo ta haɗiye aikin baki ɗaya.

Yanzu abin da yake akwati a da ya koma manhaja, kuma a nan ne rigimar take. Ranar da na bi autanmu wani situdiyo a titin Gidan Zu, na tarar da samari suna musu kamar masu gardamar ƙwallo, kowa yana cewa tasa ce uwa. Ga abin da na tsinta daga bakinsu da kuma abin da na gani da idona.

Ta farko ita ce FL Studio, wadda tsofaffin hannu har yau suke kira Fruity Loops, sunanta na farko kafin a sauya shi a 2003. Kamfanin Image-Line na ƙasar Baljiyam ne yake yin ta. Idan ka buɗe ta za ka ga 'yan gidaje 16 a jere kamar ramukan dara, duk gidan da ka danna nan ganga za ta buga. Wannan sauƙin ne ya sa yara suke son ta. Marigayi Avicii na ƙasar Suwidin da Martin Garrix na ƙasar Holan da ita suka yi suna, haka yawancin masu amapiano na Afirka ta Kudu. Wani alherinta shi ne idan ka saya sau ɗaya, duk sabon zubin da aka fitar kyauta za ka samu. Amma hawa-hawa ake sayar da ita, kuma mafi arhar an yi ta ne don shirya kiɗa, mai son ɗaukar murya sai ya hau na sama.

Ta biyu Ableton Live, 'yar birnin Balin na Jamus, wadda ta fito a 2001. Ita ƙwarewarta a wasan gaban jama'a take, za ka ajiye guntayen kiɗa a jere, kana kunna wannan kana kashe wancan ba tare da rawa ta tsaya ba. Ta uku Cubase, ita ma Bajamushiya ce, tun 1989 take, kuma kamfaninta Steinberg yanzu a hannun Yamaha yake. Masu ɗaukar muryar mawaƙa da 'yan amshi sun fi sabawa da ita. Akwai Logic ta kamfanin Apple, sai dai ba ta aiki a kwamfuta mai Windows, ka ga ke nan kafin ka saye ta sai ka sayi gidanta. Akwai Reaper mai sauƙin kuɗi da rashin nauyi, akwai kuma LMMS da ake bayarwa kyauta.

Da musun ya lafa sai na tambayi mai situdiyon, wani magidanci mai fara'a, na ce Malam, wai wacce ta fi daɗin sauti? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, da Bic da biro mai tsada, wanne ya fi rubuta labari mai daɗi?" Sai ya sa mana waƙoƙi biyu da ya haɗa a manhaja daban-daban ya ce mu bambance. Duk masu cika bakin nan babu wanda ya iya.

Saboda haka da autanmu ya zo ya ce, "Yaya, ki taimaka min in sayi wadda manyan Turai suke amfani da ita," sai na ce ya fara amsa min tambaya uku. Shin kwamfutarka za ta iya ɗaukarta, ko kuwa za ta riƙa sandarewa ana tsakiyar aiki, ga wuta ba tabbas? Shin wa zai koya maka idan ka maƙale, akwai mai irinta a kusa da kai? Sannan me za ka fi yi, shirya kiɗa zalla ko ɗaukar murya? Wanda ya amsa waɗannan ya gama zaɓe. Kusan dukkansu suna ba da damar gwaji kafin a biya, sai mutum ya gwada, ya kama ɗaya ya zauna a kanta. Mai tsalle daga wannan zuwa waccan kamar mai haƙa rijiya goma ne gaba ɗaya-ɗaya, ba zai taɓa cimma ruwa ba.

Sai ya kawo wata magana, wai ai akwai masu zuba wa mutum ta sata a kan kuɗi kaɗan, kowa ma haka yake yi. A nan ne muka ɗan ja. Na ce masa ni na san zafin wannan abu a jikina. Na yi wata da watanni ina rubutu da fitila, na ci bashi na buga, kafin in mayar da kuɗin takarda wani ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi ya watsa a waya. Da wane baki zan yi Allah ya isa a kan nawa, sannan in ba ka kuɗi ka je ka ɗauko na wani? Ban da haka, ta sata takan zo da cutar kwamfuta, ta lalata maka aikin mutane ana gobe biki. Idan babu hali a fara da ta kyauta, a tara kuɗi a hankali.

Amma abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne. Waɗancan gidaje 16 da na ambata an tsara su ne a kan bugu huɗu-huɗu, irin na house da ke tafiya wajen bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, dum dum dum dum, babu karkacewa. Kiɗanmu kuwa da yawansa tafiyar uku-uku yake yi, yana rangaji. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar maganar mutum, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Ku saurari makaɗan marigayi Mamman Shata, za ku ji bugun yana ɗan gaba ko ɗan baya da inda na'ura za ta ajiye shi, kuma a nan daɗin yake. Manhaja tana da wani maɓalli da ke jawo kowane bugu ya hau kan layi daidai, idan aka danna shi a kan kiɗanmu sai ya fito a miƙe kamar sojan fareti. Haka na'urar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, idan aka cika ta sai ta danne hawa da saukar harshe, alhali Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana.

Duk manhajojin nan ana iya juya su su bi tafiyar uku-uku, ana iya kashe wancan maɓalli, ana kuma iya kiran mai kalangu na gaske a ɗauki hannunsa a biya shi haƙƙinsa. Matsalar ita ce yaro yakan karɓi abin yadda ya same shi, ya kwaikwayi na Legas ko na Afirka ta Kudu, ya manta cewa su ma nasu suka zuba a ciki har duniya ta waiwayo. Rawar da aka sha da waƙar Warr ta Ado Gwanja a 2022 ta isa shaida cewa mutanenmu a shirye suke su taka idan suka ji abin da ya yi kama da su.

Don haka ƙannena masu wannan sana'a, ku sayi wadda aljihunku da kwamfutarku za su ɗauka ta hanyar halal, sannan ku je gidan biki ku zauna kusa da makaɗa ku buɗe kunne. A fitowa ta gaba za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya, in Allah ya kai mu.